Malami Ne Ko Mai Talla? Sharhi a Kan Tarurrukan Ƙara wa Juna Sani

Jama'a masu saurare, na Agiye da Cadawa, da Gazawa da Gangara, da Gidan Rumji da Tibiri da Cadakori, da duk inda muryar wannan gida take isa. Allah ya sa albarka a cikin abin da aka shuka da abin da aka girbe, ya kuma kiyaye mana shi daga ƙwari da fari da hannun azzalumi.

Sharhinmu na yau a kan wata al'ada ce da ta yawaita a ƙasar nan, har ta kai da wuya mako ya shige ba a ji sanarwarta ba, ko dai ta bakin mai shela, ko ta rediyo, ko ta saƙon murya da ke yawo a salula, wato kiran jama'a zuwa formasiyo ko taron ƙara wa juna sani. A kafa rumfa, a jera kujeru, a ɗaura lasifika, baƙo ya sauko daga mota da jakarsa, a ce mana ga masani ya zo daga Maraɗi ko Yamai ko Kano, shiga kuma kyauta ce. Daga cikin irin waɗannan tarurruka akwai waɗanda suka raya karkara, suka fitar da gidaje daga yunwa. Akwai kuma waɗanda suka raba magidanci da damman geronsa, suka raba uwargida da akuyarta. Da yake rumfar iri ɗaya ce, lasifikar ma iri ɗaya, ya zama wajibi ga mai hankali ya san ma'aunin da zai rarrabe su da shi tun kafin ya kwance bakin aljihunsa.

Kada wani ya zaci ciniki muke zargi. Ƙasar da ta haifi Alhazan Maraɗi, waɗanda suka tashi daga awon gyaɗa har fataucinsu ya ratsa Kano da Ikko da Kwatano, ba ita za a koya wa cewa kasuwanci sana'a ce mai daraja ba. Kuma duk almajirin da ya zauna a zaure ya san Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Hadiza tun kafin a aiko shi. Abin da malaman fiƙihu suka tsananta a kansa, a babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da sauran littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, shi ne algus da ɓoye aibi, da garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙarsa ba, da kuma najashi, wato a dasa wani ya yi ta ƙara tayi alhali ba shi da niyyar saye, don kawai a ruɗi na gefe. An ruwaito a cikin Sahihu Muslim cewa wata rana Manzon Allah ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa mai albarka a ciki, sai ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake. Mai kayan ya kawo uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi, aka nuna masa cewa wajibinsa ne ya ɗora jiƙaƙƙen a sama, inda mai saye zai gan shi. To, taron da aka shimfiɗa ilimi a samansa aka ɓoye ciniki a ƙasansa, hukuncinsa hukuncin wannan tsibi ne, kuma aikin mai saurare shi ne ya cusa hannu.

Alhamdu lillahi, mu mutanen wannan yanki ba mu rasa abin gwaji ba, domin mun ga karatun gaskiya da idonmu, a gonakinmu. A farkon shekarun 1980, lokacin da gonakin jihar Maraɗi suka zama fili fetal, iska na kwasar yashi tana binne shuka har manomi ya sake ta sau biyu ko uku a damina guda, wani mutumin ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura a shekarar 1983 cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwoyinsu na nan lafiya a ƙarƙashin ƙasa. Karatun dukansa bai wuce wannan ba: kada ka share gona ƙwal, ka zaɓi toho kaɗan mafiya ƙarfi a kan kututture, ka datse sauran, ka tsare su daga bakin dabba da gatarin mai wucewa. Kayan aikin kuwa adda ce ko gatari, waɗanda ke jingine a kowane gida. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda mutanen Ɗan Saga a nan ƙasar Agiye suka riƙa da hannu biyu, suka kafa kwamitin tsaron itatuwa na maza da mata, manoma da makiyaya, kuma porjen PPILDA, wanda asusun FIDA ya tallafa wa daga shekarar 2005, ya ƙarfafa musu gwiwa, har garin ya zama wurin da baƙi ke zuwa ɗaukar darasi daga wasu ƙasashe. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an rayar da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya, da itatuwa wajen miliyan 200, gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya, ba tare da an sayar wa kowa ko kwalba guda ba.

Haka nan iyayenmu mata sun san labarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a shekarar 1991. Mai koyarwa ta zauna da mata wajen talatin mako-mako, ta nuna musu yadda ake zubi, da yadda ake ba da rance a mayar, da yadda ake tsare akwati a ƙirga abin da ke ciki a gaban kowa. Bayan wasu watanni ta yi sallama ta tafi, kuɗin nasu ne, akwatin nasu ne, hukunci ma nasu ne. Wannan dubara da aka haifa a nan ita ce aka ɗauka aka kai ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya. Ku lura da kyau: a misalan nan biyu, ranar da malami ya tafi ita ce ranar da almajiri ya tsaya da ƙafafunsa.

Wataƙila wani ya ce, ai waɗannan ba su da hajar sayarwa ne. Ina hukuncin taron da akwai kaya a cikinsa? Amsar tana cikin ƙissar buhun nan mai riɓi uku da ake ajiye wake, wanda ake kira PICS, da masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka soma yaɗa shi a ƙasarmu daga shekarar 2007 tare da cibiyar binciken noma ta INRAN, inda masanin ƙwari Ibrahim Baoua na Maraɗi ya yi aiki mai yawa a kansa. Buhun nan sayar da shi ake yi, a Kano ake ƙera shi, kuma mai sayarwa yana cin riba. Amma dubi yadda aka koyar da shi. Malamin gona ya zo dandali ya bayyana yadda abin yake aiki dalla-dalla, cewa ledoji biyu masu kauri na ciki suna hana iska shiga, ƙwaron da ke cikin wake ya shaƙe 'yar iskar da ta rage, sa'an nan ya mutu ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Mutanen gari suka kawo wakensu na kansu, aka duba ledojin ko akwai huda, aka ɗaure kowace daban a gaban jama'a, aka ajiye. Sai bayan wata huɗu ko fiye, lokacin da waken da ke buhun gargajiya ya zama gari, aka sake tara mutane aka kwance, kowa ya ɗebo ya gani. Gani ya kori ji. Mai kayan da ya yarda ya jira wata huɗu kafin a gaskata shi, ya kuma bar hukunci a hannun mai saye, ya fita daga zargi ko da ya ci riba.

Yanzu mu juya ga ɗaya ɓangaren. Galibi masu taron yaudara sun san lokacin zuwa: bayan kaka, sa'ad da aka sayar da riɗi da aya da wake, kuɗi ya ɗan shiga hannu, ko gab da damina, sa'ad da hankalin manomi ya tashi a kan taki da maganin ƙwari, ko lokacin da samari suka dawo daga cirani da ɗan abin da suka tara. Sa'a ta farko takan tafi a kan maganar da ba mai musunta, cewa talauci ya yi yawa, cewa aikin gwamnati ya yi wuya, cewa ciwon suga da hawan jini sun addabi mutane. Kowa ya gyaɗa kai, zukata su yi laushi. Sa'an nan a tashi wasu daga cikin taron, wannan ya ce shi da bakinsa ya sha ya warke, wancan ya ce wata uku da shigarsa ya sayi babur, alhali ba wanda ya san garinsu balle unguwarsu. Wannan kuwa najashi ne tsantsa, an dai sauya masa riga. Daga ƙarshe a fito da abin da aka zo dominsa: kwalbar da ake cewa tana maganin basir da shawara da sanyi da rashin haihuwa gaba ɗaya, ko na'urar da za ka riƙe a tafin hannu ta lissafa maka cututtuka goma cikin minti guda, maganin kowannensu kuma yana cikin jakar mai na'urar, ko kuma takardar rajista, a ce ka zuba jika kaza ka shiga, ka kawo mutum kaza su shiga ƙarƙashinka, daga nan kana kwance kuɗi na zuwa.

Wannan na ƙarshe ya cancanci mu tsaya mu yi masa lissafi, domin lissafi ba ya jin kunyar kowa. Idan aka ce kowane mai shiga ya kawo mutum 6, hawa na farko mutum 6 ne, na biyu 36, na uku 216, na huɗu 1,296, wato an riga an cinye baligan ƙauye guda. A hawa na goma kaɗai ana bukatar mutum fiye da miliyan 60, abin da ya ninka jama'ar Nijar duka fiye da sau biyu. Ke nan tilas ne, tilas na hisabi, mafi yawan waɗanda suka shiga su kasance a ƙasa, su ne masu biya, ba kuwa wanda zai biya su. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana wannan da tsarin MMM, wanda wani Barashe mai suna Sergei Mavrodi ya ƙago, aka yi ta shirya masa tarurruka a birane ana alkawarin ribar 30 cikin 100 kowane wata, har ranar da aka rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. Hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasar ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 3 sun yi asarar naira miliyan dubu 18. Da wannan riba gaskiya ce, jika 10 za ta zama fiye da jika 230 cikin shekara guda. Ku tambayi duk wani Alhaji da ya tsufa a cinikin aya ko na dabbobi, ko ya taɓa ganin halattacciyar sana'a mai haihuwa haka. Amma da yake kwaɗayi mantau ne, a watan Afrilu na 2025 an sake yin irinta da wani tsari mai suna CBEX, wannan karon da sunan kuɗin intanet.

A fagen noma ma haka abin yake, illa iyaka a nan asarar takan wuce aljihu ta kai ga jiki. Mai tallan maganin ƙwari da ya tara manoma ya nuna musu yadda tsutsa ke faɗuwa nan take, bai faɗa musu sunan gubar da ke ciki ba, bai ce a rufe hanci da hannu ba, bai ambaci kwana nawa za a jira kafin a ci amfanin ba, wannan ya koyar da rabin magana ya ɓoye rabin da ke kisa. Gubar nan ta diklorbos da ke cikin piya-piya, wadda wasu ke yayyafa wa wake a rumbu, ita ce dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya a shekarar 2015. Akwai kwamitin ƙasashen Sahel na ƙungiyar CILSS da ke tantance magungunan ƙwari ya ba su lamba, akwai ma'aikatar kare tsirrai, akwai zauren manoma na jihar Maraɗi da haɗakarsu ta ƙasa, RECA, masu ba da shawara da harshen Hausa. Wanda ya zo da niyyar ilimi shi da kansa zai tura ka wurinsu, domin ba ya tsoron a bincika bayansa.

To, da me za a auna? Ma'auni na farko lokaci ne. Ilimi ba ya lalacewa don an kwana a kansa. Makarantar manoma a gona, wadda hukumar FAO ta soma a Indonesiya a shekarar 1989 kuma ta iso ƙauyukanmu, damina guda cur take ɗauka, a raba fili biyu, nan a yi yadda aka saba, can a yi sabuwar dubara, a bar tiya ta yanke hukunci ranar sussuka. Wanda ya ce maka rangwamen na yau ne kaɗai, ko gurbi biyar ya rage, ko kada ka gaya wa kowa sai ka biya, to, tsoron shawara yake yi. Shari'armu ta san cinikin zaɓi, inda mai saye ke sharɗanta kwanaki don ya gwada ko ya yi shawara. Dokar Tarayyar Turai ma ta ba wanda aka sayar wa kaya a wajen kanti kwana 14 ya janye. Ka ce wa mai tallan za ka kwana, za ka shawarci malamin gona ko likita ko limamin unguwa, sa'an nan ka dubi fuskarsa.

Na biyu sanadi ne. Malamanmu na zaure ba su karɓi karatu daga wanda ba a san shehinsa ba, kuma ijaza ba ta da daraja sai an san silsilarta. Ka tambaya cikin ladabi: Malam, a ina ka karanta wannan? Wa ya aiko ka? Wa ya biya kuɗin rumfa da lemo da man mota? Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan porje ne ko ma'aikatar gwamnati, za a faɗi suna da ofis, ka iya zuwa ka tarar da su gobe. Idan kamfani ne, faɗar haka tun a sanarwa ita ce gaskiya, kuma ba laifi a saurare shi da sanin cewa mai kaya ne ke yabon kayansa. Idan maganar ajiyar kuɗi ce, a nuna takardar izinin ma'aikatar kuɗi.

Na uku shi ne iyaka. Masanin gaskiya yana faɗin inda dubararsa ta tsaya. Wanda ya koyar da buhu mai riɓi uku ya ce idan ɓera ya huda leda aikin ya ɓaci, idan wake bai bushe ba kada a zuba. Wanda ya koyar da sassaben zamani ya ce sai an yi haƙurin shekaru. Maganin da ba shi da ciwon da ya gagare shi, da cinikin da ba shi da faɗuwa, ba su wanzu a duniyar nan ba.

Amma adalci ya wajabta mu faɗi namu laifin, ko da ɗaci. Shekaru da yawa na porje-porje sun koya mana auna taro da kuɗin zama da shinkafar rana, har ya zama idan an kira formasiyo tambayar farko ita ce nawa ake bayarwa, mai gari kuma ya rubuta sunan ƙanensa da surukinsa maimakon wanda zai yi aiki da karatun. Wannan ciwo tsoho ne: a yunwar 1984, lokacin da aka haɗa barin itatuwa a gona da rabon abinci, dubban manoma sun bi, amma da rabon ya ƙare da yawa daga cikinsu suka sare abin da suka bari; waɗanda suka riƙe don sun fahimta su ne suka ci moriyar, kuma daga gonakinsu abin ya yaɗu. Mutumin da ya saba zuwa taro don abin da za a miƙa masa, ya riga ya zama ganima ga mai talla, domin mai talla ya fi kowa iya miƙa ɗan kaɗan don ya karɓi mai yawa.

Saboda haka muna kira ga sarakunanmu da masu gari, Allah ya ja zamaninku, kada ku ba da dandali ko ku sa mai shela ya yi kira sai kun tambayi baƙo takardarsa da wanda ya aiko shi, domin talaka yana ganin zamanku a kujerar gaba a matsayin shaida. Muna kira ga malamai da limamai, Allah ya gafarta muku, ku san abin da za ku buɗe da addu'a, kada a ari rawaninku a rufe garari da shi. Ma'aikatan mariya da ke ba da hayar zaure su tambayi abin da za a yi a ciki. Mu ma ma'aikatan gidajen rediyo hukuncin bai tsallake mu ba: filin da aka saya a ce an saya, talla a kira ta talla, kada a sa mata taken shirin lafiya ko na noma. Kai kuma malam manomi, ke kuma uwargida, kai kuma saurayi mai neman abin yi, ku je taro, ku saurara, ku yi tambaya, domin neman sani wajibi ne. Amma ranar farko a bar kuɗi a gida, kuma da an tashi kowa ya tambayi kansa abin da zai iya aikatawa gobe da hannunsa ba tare da ya biya mutumin nan ko dala ba. Idan akwai, an yi karatu, sai a gode wa malam a yi masa addu'a. Idan babu, kasuwa aka ci, sai a yi mata hukuncin kasuwa: a taya, a duba aibi, a gwada da na wani, in bai yi ba a bar wa mai shi kayansa.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani da arziki na halal, ya tsare mu daga yaudara da yaudarar wani. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.